Idan kansa ta haɗu da mantuwa: wa ke riƙe da maganin tsoho?

Maganin cutar kansa, kamar yadda aka tsara shi a asibitoci, yana ɗora wa majinyaci ayyuka masu yawa waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Ana sa ran zai tuna ranar da zai koma ganin likita, ya sha ƙwaya a kan lokacinta kuma ya dakata ranar da aka ce ya dakata, ya lura da abin da ya sauya a jikinsa, ya nemi taimako idan zazzaɓi ya taso masa cikin dare, sannan ya saurari bayanin likita, ya auna amfani da illa, ya yanke shawara. Dukkan waɗannan ayyukan ƙwaƙwalwa ne. Idan majinyacin tsoho ne mai fama da mantuwa, ayyukan suna nan daram, sai dai sun koma kan wani mutum dabam, wato mata ko miji ko ɗa ko 'ya ko jika, wanda sunansa ba ya kan katin asibiti, ba a kuma tambaye shi ko zai iya ba. Saboda haka duk tsarin maganin da aka yi wa irin wannan majinyaci tsari ne na mutum biyu, ko likita ya lura da hakan ko bai lura ba.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, kuma kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa da ita kowace shekara. Cibiyar binciken kansa ta hukumar kuwa ta ƙiyasta cewa an samu sababbin masu kansa kimanin miliyan 20 a shekarar 2022, tana kuma hasashen adadin zai haura miliyan 35 a shekarar 2050. Babban abin da ke ƙara haɗarin kamuwa da cututtukan biyu shi ne yawan shekaru, don haka haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya za ta ci gaba da yawaita muddin mutane na ƙara tsawon rai. Duk da haka, gwaje-gwajen da ake yi kafin a amince da sabon maganin kansa galibi ba sa ɗaukar masu cutar mantuwa, wanda ke nufin likita yana aiki da ilimin da aka samo daga mutanen da ba su yi kama da tsohon da ke zaune a gabansa ba.

Abu na farko da ya kamata iyali su fahimta shi ne, mantuwa ba iri ɗaya ba ce, kuma bambanta nau'o'inta na iya ceton rai. Akwai cutar mantuwa ta ainihi, wadda ke shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru, ta taɓa tunani da magana da sanin hanya da iya tafiyar da harkokin yau da kullum. Cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan nau'i, sauran kuma sun haɗa da wadda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa. Akwai kuma dusashewar tunani da kansar kanta ko maganinta ke jawowa, inda mutum zai ga kalma tana kuɓuce masa, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, aikin da yake yi cikin minti biyar ya koma na rabin sa'a. Wannan yakan yi sauƙi ga mutane da yawa bayan an kammala magani, amma ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta raunana, ɗan ƙarin nauyin na iya zama abin da zai hana shi iya zama shi kaɗai.

Nau'i na uku shi ne mafi haɗari, shi ne kuma aka fi kuskurewa: ruɗewar farat ɗaya. Tsohon da jiya ya gane kowa ya ci abincinsa, yau ya tashi bai san inda yake ba, yana sambatu, yana ƙoƙarin cire robar ƙarin ruwa daga hannunsa, ko yana ganin abubuwan da babu su. Wani kuma akasin haka yake yi, sai ya yi lamo, ya yi ta barci, ba ya amsa kira sosai, kuma wannan shirun ne ya fi ruɗar mutane domin ana ɗauka hutawa yake yi. Alamar wannan yanayi ita ce yana zuwa cikin sa'o'i ko kwanaki kaɗan, yana kuma hawa yana sauka a yini guda, sau da yawa ya fi tsananta da dare. Kusan kullum akwai dalili a jiki: ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, ƙarancin ruwa, kwanaki ba a yi bayan gida ba, fitsari ya taru ya ƙi fita, yawan sinadarin kalsiyam a jini wanda wasu nau'o'in kansa ke haddasawa, ciwon da ba a magance ba, ko wani sabon magani da aka fara. Wanda ke da cutar mantuwa ya fi kowa saurin faɗawa cikin wannan hali. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce “ai mantuwar tasa ce ta ƙaru,” a ci gaba da zama a gida. Cutar mantuwa ba ta tsalle cikin dare ɗaya, don haka duk sauyin da ya zo kwatsam yana buƙatar ganin likita a ranar.

Akwai kuma wasu abubuwan da ke shigar burtu su yi kama da mantuwa alhali ana iya gyara su, kamar ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, raunin aikin tayirod (wata gaɓa da ke wuya), ciwon damuwa, da rashin ji sosai. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yana iya zama kamar ya manta abin da likita ya faɗa, alhali tun farko bai ji ba. Su ma magunguna suna da nasu laifin: wasu na barci, wasu na ƙaiƙayi, wasu na hana amai, da deksametason, wanda ke hana barci ya kuma sa mutum rashin natsuwa, kuma ake yawan bayar da shi tare da kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Idan kuma kansar irin wadda ke iya yaɗuwa zuwa ƙwaƙwalwa ce, kamar ta huhu ko ta mama, likita zai so ya ɗauki hoton kai kafin ya ɗora laifi a kan tsufa.

Yadda matsalar ke ɓoyewa a ɗakin likita abu ne da duk wanda ya taɓa raka tsoho asibiti zai gane. Likita ya ce, “Baba, yaya jiki?” Baba ya yi murmushi ya ce, “Da sauƙi.” Aka tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Aka tambaye shi ko ya yi amai a wannan mako, ya ce ko kaɗan. A bayansa kuwa 'yarsa na tsaye tana girgiza kai, domin ita ce ta wanke zanin gado sau biyu a daren jiya, amma nauyin ƙaryata mahaifinta a gaban baƙo ya hana ta buɗe baki. Baba bai yi ƙarya ba, abin ne ya goge daga ƙwaƙwalwarsa. Iya gaisuwa da fara'a da amsa tambaya cikin ladabi suna daɗewa ba su gushe ba ko da tunani ya yi rauni ƙwarai, shi ya sa ganawar minti goma ba ta isa ta tona komai ba. Mafita mai sauƙi ita ce a ba mai jinyar dama ta yi magana da likita ko nas ita kaɗai, ko ta miƙa takardar da ta rubuta abubuwan da ta gani, domin kada a sa ta zaɓi tsakanin mutuncin mahaifinta da lafiyarsa.

Wannan ne ya sa masana suka ƙirƙiro cikakken binciken lafiyar tsoho kafin a fara magani, wanda ke duba tunani, tafiya da yawan faɗuwa, cin abinci da rama, yanayin zuciya, sauran cututtuka, yawan magungunan da ake sha, da kuma wanda ke gida zai taimaka. A shekarar 2018 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka, wato ASCO, ta ba da shawarar a riƙa yin wannan bincike ga duk mai shekara 65 zuwa sama da za a yi wa kemoterafi. Ɓangaren tunani ba ya cin lokaci: a gwajin da ake kira Mini-Cog, ana faɗa wa mutum kalmomi uku, a sa shi ya zana fuskar agogo, sannan a nemi ya maimaita kalmomin, duka cikin kimanin minti uku. Gwajin ba ya tabbatar da cuta, yana dai nuna wanda ke buƙatar a ƙara dubawa, kuma dole a yi la'akari da harshen mutum da zurfin karatunsa, domin wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba zai faɗi gwajin zane ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Amfanin binciken ya fito fili a wani nazari da aka yi a Amurka aka buga a mujallar Lancet a 2021, kan masu shekara 70 zuwa sama da kansarsu ta yi nisa. A rukunin da aka ba likitoci sakamakon binciken tare da shawarwari, kashi 51 cikin ɗari ne suka gamu da illar magani mai tsanani, a ɗaya rukunin kuwa kashi 71. An fara wa da yawa daga rukunin farko magani da ƙaramin awo, kuma hakan bai rage musu tsawon rai ba.

Wajen zaɓen magani akwai ramuka biyu, kuma ana faɗawa cikin kowanne. Na farko shi ne a ji kalmar mantuwa a nannaɗe tabarma, a ce babu abin da za a yi, alhali mai mantuwa a matakin farko na iya yin shekaru masu kyau, kuma wata kansar da aka bari za ta jawo masa ciwo da zubar jini da wari waɗanda ƙaramar tiyata za ta iya hanawa. Na biyu shi ne a bi da shi ta hanyar da za a bi da mai shekara hamsin, a yi ta jigila da shi, a galabaitar da shi da maganin da ba ya iya tuna dalilinsa. Tambayar da ta dace ita ce wacce daga cikin cututtukan biyu za ta fi saurin cutar da shi, kuma mene ne maganin zai ƙwace daga rayuwar da yake yi yanzu. Tsakanin ramukan akwai zaɓi da yawa. Tsohuwa mai rauni da ke da irin kansar mama da sinadarin mata ke ciyarwa na iya samun sauƙi na dogon lokaci da ƙwaya ɗaya a rana. Gasa kansar mama da hasken na'ura, wanda a da yake ɗaukar makonni, yanzu ana iya yi wa mata da yawa cikin zama 5 a mako guda. Ciwon ƙashin da kansa ta ci kuwa sau da yawa gashi ɗaya tak ke kwantar da shi. Ga mutumin da kowace fita daga gida ke rikita shi, rage yawan zuwa asibiti magani ne a karan kansa.

Wani abin mamaki shi ne, maganin da ya fi kama da mai sauƙi ne ya fi haɗari. Iyali kan yi murna idan aka ce ƙwaya za a sha a gida maimakon ɗuri ta jijiya a asibiti, amma ɗurin nas ce ke auna shi ta kuma sa ido, ƙwayar kuwa babu mai tsaron ta sai na gida. A ɗauki kafesitabin, wanda ake bayarwa ga kansar hanji da ta mama: yawanci ana shan sa sau biyu a rana bayan cin abinci har kwana 14, a huta kwana 7, kuma kowane sha na iya haɗa ƙwayoyi masu girma daban-daban. Tsohon da ya manta ya sha na safe zai iya sake sha, ko ya zarce da sha a makon hutu, ko kuma gudawa ta kama shi ya ci gaba da sha alhali ƙa'ida ita ce a dakata a kira asibiti. A irin wannan hali bai kamata maganin ya zauna a hannun majinyaci ba. Mutum ɗaya ne zai ajiye shi a inda ake kullewa, ya miƙa da hannunsa, ya tsaya har a haɗiye, ya sa alama a takarda. Idan babu wanda zai iya yin haka safe da yamma, to a gaya wa likita tun kafin ya rubuta maganin.

Haka batun zazzaɓi yake. Kemoterafi na rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, kuma sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an karɓa. A wannan lokaci zafin jikin da ya kai digiri 38 lamari ne na gaggawa da ba ya jiran wayewar gari. Mai mantuwa ba lallai ya ce yana jin sanyi ba, kuma jikin tsoho wani lokaci ba ya yin zafi ko da cuta ta shiga jini, sai dai a ga ya ruɗe ko ya ƙi abinci ko ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Shi ma ciwo haka yake ɓuya. Tambayar da aka saba yi a asibiti, cewa mutum ya kimanta ciwonsa daga sifili zuwa goma, ba ta da amfani ga wanda cutar ta yi masa nisa, don haka ma'aikatan jinya ke duba numfashi, nishi, yamutsa fuska, ƙanƙame jiki, da ko lallashi na kwantar da shi. Tsohon da ke ture hannu duk lokacin da za a juya shi, ko yake faɗa idan za a yi masa wanka, sau da yawa ciwo yake ji, amma sai a ba shi maganin barci a bar ciwon yana cin sa. Idan an fara morfin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, ko danginsa, ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali, a kuma haɗa da maganin sassauta ciki tun ranar farko.

Batu mafi nauyi shi ne na yanke shawara. Samun cutar mantuwa ba ya nufin mutum ya rasa ikon faɗin abin da yake so a yi da jikinsa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ma'aunin da dokar Ingila da Wales ta 2005 ta shimfiɗa ya yi daidai da abin da likitoci da yawa ke bi: shin mutumin ya fahimci bayanin, ya riƙe shi gwargwadon lokacin da zai yanke hukunci, ya auna shi, ya kuma bayyana zaɓinsa? Ana duba wannan ne ga kowace shawara dabam a kuma lokacinta. Mutum na iya kasa fahimtar lissafin kemoterafi amma ya san sarai cewa ba ya son a kwantar da shi a asibiti, yana kuma iya kasawa da yamma ya iya da safe. Dokar ta kuma ce zaɓin da wasu ke ganin bai dace ba, shi kaɗai ba hujja ba ce ta cewa mutum ya rasa hankalin zaɓi. Aikin likita da iyali shi ne su sauƙaƙa masa: gajerun jimloli, batu ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaki mara hayaniya, tabarau a ido da na'urar ji a kunne, sannan a nemi ya maimaita da bakinsa abin da ya gane. Idan ikon ya tafi gaba ɗaya, wanda zai yi magana a madadinsa yana da aiki ɗaya, wato ya faɗi abin da tsohon zai zaɓa da yana iya magana, ko da ya saɓa wa abin da shi wakilin yake so.

Shin a gaya masa yana da kansa? A ganina, wanda ke iya fahimta yana da haƙƙin a gaya masa, cikin taushi, aƙalla sau ɗaya, domin jikinsa ne, kuma wanda ake kai wa gashi kullum ba tare da bayani ba yakan cika giɓin da tsoron da ya fi gaskiyar muni. Amma idan yana mantawa, babu hikima a riƙa sabunta masa labarin kowace safiya yana jin zafinsa kamar yau aka fara faɗa. Ana iya amsa tambayar da ya yi ba tare da ƙarya ba: “Mama, za mu je a duba kumburin nan ne, ina tare da ke.”

Sai shi mai kula da majinyacin, wanda galibi mace ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in kula da masu mantuwa, kuma masu kulawa na gida na kashe kimanin sa'a 5 a kowace rana a kan wannan aiki, tun kafin kansa ta shigo da nata jigilar. Jinyar mantuwa doguwa ce mai cin rai a hankali, ta kansa kuwa tana zuwa da gaggawa da tashin dare, kuma wanda ya haɗa biyun yana ɗauke da nauyin kowacce. Sau da yawa mai jinyar ita ma tsohuwa ce mai hawan jini ko ciwon suga da ta daina zuwa ganin nata likitan. Ga rashin barci, ga barin aiki, ga baƙin cikin ganin mutum na gushewa alhali yana raye, ga kuma 'yan'uwan da ke nesa waɗanda ke bugo waya su ba da umarni, su zo ziyarar sa'a ɗaya su tarar da Baba yana fara'a su ce ai lafiyarsa ƙalau. Fushi da gajiya, har da fatan a ce abin ya zo ƙarshe, abubuwa ne da masu jinya da yawa ke ji suna ɓoyewa saboda kunya, kuma ba alamar rashin ƙauna ba ne.

Yabo da cewa “sannu da ƙoƙari” ba sa rage mata komai. Abin da ke taimakawa shi ne a raba aikin da suna da rana: wane ne zai kai asibiti ranar Talata, wane ne zai kwana ranar Asabar domin ta yi barci, wane ne zai ɗauki nauyin sayen magani. Littafi ɗaya da ke ɗauke da sunayen magunguna, ranakun asibiti, lambar da za a kira da dare da abin da aka gani kowace rana yana ba wani damar karɓar aikin ba tare da komai ya zube ba. A ɓangaren asibiti kuwa, ya kamata a koya mata aikin a aikace, a ba ta bayani a rubuce, a haɗa ganawa biyu a rana ɗaya idan zai yiwu, a bar ta ta zauna kusa da majinyacin lokacin ɗuri da bayan tiyata, a kuma tambaye ta kai tsaye me zai faru idan ita ce ta kwanta ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani shirin koyarwa mai suna iSupport domin masu kula da masu mantuwa, wanda ƙasashe da dama suka fassara zuwa harsunansu.

Akwai kuma sashen kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wanda mutane da yawa ke gudu saboda suna ɗauka sai an fid da rai ake kiran sa. Wani nazari da aka buga a 2010 kan masu kansar huhu da ta yaɗu ya nuna cewa waɗanda aka haɗa da wannan sashe tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon damuwa ya fi ƙaranci a cikinsu, har ma sun ɗan fi sauran daɗewa. Ga mai mantuwa akwai ƙarin dalilin gaggautawa, domin lokacin da zai iya faɗin ra'ayinsa yana ƙarewa. Tun yana iya magana ya kamata a tambaye shi wa yake so ya wakilce shi, a ina yake so a yi jinyarsa idan jiki ya yi tsanani, da ko yana son a sa masa na'urar numfashi ko robar abinci, a kuma rubuta amsoshin a ba likita kwafi. Batun robar abinci yakan raba kan iyali, don haka yana da kyau a sani cewa ga wanda cutar mantuwa ta kai matakin ƙarshe, bincike bai nuna tana ƙara tsawon rai ko tana hana abinci sarƙewa zuwa huhu ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fi ba da shawarar a ci gaba da ba shi da cokali a hankali, gwargwadon abin da ya karɓa.